Wace Damina Aka Fara Wasan Tasha?

"…lahiya lau, sai alheri. Ya ruwan jiya, baiwar gidanmu?"

"Ruwa ya yi gyara. Kai ne dai har yanzu ba ka gyaru ba."

Haka suka soma a ƙofar shagon Haladu da ke bakin titin Cadawa, da hantsi, tsakiyar damina, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Haladu na zaune kan buhun gishiri yana goge fuskar telensa, wato akwatin talabijin, da tsumma. Telen nan da batirin babbar mota take aiki, kuma a bisa rufin shago an kafa mata anten a kan gora biyu da aka ɗaure kai da kai. In an juya goran yamma a kamo Yamai, in an juya kudu a kamo tashoshin ƙetaren iyaka. Tun ranar da ya sayo ta, Haladu bai sake yarda akwai wanda ya fi shi sani a duk ƙasar Agye ba.

Asama'u kuwa taubashiyarsa ce, uwarta da ubansa ciki ɗaya. Tun suna yawo ba wando ba zane ba su taɓa yi wa juna magana miƙaƙƙiya ba, ga shi har furfura ta fito musu. Sai dai yau ba wasa ya kawo ta ba. Ɗanta na fari, Jaye, ya tafi cin rani Kano bai dawo ba. Da bazarar da ta biyo bayan shekarar fari, wani direba ya zo ya ce ya ji an ce sanƙarau ya kashe wani ɗan Cadawa a can, kuma kamannin da aka ba shi na Jaye ne. Direban bai ga gawa ba, bai ga kabari ba, don haka Asama'u ta kafe ta ce ba ta yarda ba. Aka yi ta lallaɓawa har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yanzu haƙurin uban Mairo, matar Jaye, ya ƙare. Yau bayan la'asar liman da dattawa za su zauna a shafa fatiha, a raba sadaka, Mairo ta shiga takaba. In aka tashi daga zaman nan, Jaye ya zama mamaci ke nan a garin ubansa.

"Shara kika zo?" in ji Haladu. "Tsintsiya na bayan ƙyaure."

"In share mi? Duk dattin gidanga ga shi nan zaune kan buhun gishiri. Wanga ya fi ƙarfin tsintsiya, sai an kira ƙarti huɗu."

"To in bashi kika zo ci, shago bai buɗe ba."

"Shagon da ɓeraye ke shiga su fito suna kuka? Haladu, aje tsumman nan ka saurare ni. Jiya na gan shi."

"Wa?"

"Yaron."

Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Haladu ya san wa take nufi, hannunsa ya tsaya cak kan gilashin, sa'an nan ya ci gaba da goge inda ya riga ya goge.

"A mafarki?"

"A cikin akwatin ƙaryarka! Bayan magariba na zo sayen kananzir, mutane sun cika ƙofar nan, ana wasan nan na tashar mota. Ina tsaye can baya. Mai tuwon tasha na faɗa da wani mai ƙaton ciki, sai ga shi ya gitta ta bayansu, buhu a ka, ya tsallake kududdufi. Har ya waiwayo, Haladu. Ya waiwayo ya dube ni."

"Ya dube ki? Ai da ya yar da buhun ya zura da gudu."

"Ni na haife shi. Na san ƙeyarsa, na san yadda yake jefa ƙafar hagu. Jiya-jiyan nan yana raye yana dako a tasha, su kuma suna so su raba mishi gumba yau. Tashi ka sa takalmi mu je ka gaya ma liman."

Haladu ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya sosa gemu.

"Kai, ƙauyanci ciwo ne. Ke nan kin ɗauka abin da akwatin nan ke nunawa, a lokacin ake yin shi?"

"To da yaushe? Da idona na gani yana motsi."

"Kin ga tsohon nan mai goro da ke zaune bakin rumfar mai tuwo, mai dariya ba haƙori?"

"Na gan shi. Na ɗauka ƙanenka ne."

"Da ranin da ya wuce aka sanar ya rasu. A akwatin nan na ji. Amma jiya ga shi yana ta dariya abinsa. Ɗaukar mutane suke su zuba cikin wani faifai su aje, ran da ba su da sabon abu sai su sake juyo mana tsoho. Wasan tasha damina guda tak aka yi shi, kafin a yanke gero ya ƙare. Wanda kika gani jiya ɗumame ne."

Wayyo! Asama'u ta ɗora hannu a ka. Jiya ko runtsawa ba ta yi ba don murna, tana ta jiran gari ya waye. Ashe akwatin nan har matattu yana sa su dariya. Ta lalubi bencin da 'yan kallo ke zama ta zauna, duk da jiƙewar da ya yi.

"Ka ce damina guda aka yi shi?"

"Guda."

"Wace?"

"Wace mi?"

"Wace damina, kai ɗan kawu mai kan kabewa! In kafin maganar direban nan aka ɗauka, ban ga komi ba ke nan. In kuwa bayanta ne…"

Ba ta ƙarasa ba. Haladu ya gane sarai. Ya gyara zama, ya tura hula gaba, ya ɗauko muryar nan tasa da yake yi wa ƙauyawa bayani ranar kasuwa.

"Yau kin zo gidan sani. Duk wasan da aka taɓa farawa a akwatin nan, a kaina yake. Da damina suke fiddo sababbi, lokacin da 'yan lakol ke hutun makaranta. Daminar da na sayo ta, aka fara na alƙalin nan mai barci, wanda sai an buga mishi tasa a kunne yake yanke hukunci."

"Shi ya sa kake son shi. Jininku ɗaya."

"A daminar nan dai, Yamai ta fara shirin malamin gona, mai nuna yadda ake ɗaura ma shanu garma. Mutanen Gazawa har da amalanke suka zo kallo."

"Kai kuma ka kalla tun daga farko har ƙarshe, gonarka ta fi ta kowa ciyawa."

"Daminar ambaliya kuma aka fara na maƙwabtan nan biyu masu jaki guda, ɗaya da gaba ɗaya da baya. Da na 'yan samariya, na bokan nan mai tsoron allura."

"Kokowa fa? Na tuna an yi ta ihu a nan."

"Ji jahilci! Kokowa da damina? Wa zai bar noma ya je ya kama ƙugun ƙato? Wannan ta rani ce. Kada ki ƙara sa baki cikin maganar manya."

"To babba, na tasha nake tambaya."

"Ina zuwa. Na tasha… na tasha… shi ma daminar ambaliya ne."

"Ƙarya kake, wallahi! Daminar ambaliya yaron na gida. Shi ya shiga ruwa har wuya ya fiddo maka buhunan gishirin nan, kana bisa katanga kana salati kamar sabuwar amarya ta ga kunama. Ya za a yi yana nan yana ceton dukiyarka, yana can tasha yana dako?"

"Gwada ki nake, in ga ko ƙwaƙwalwar na nan."

"Tana nan. Taka ce batirinta ya mutu."

Haladu ya duƙar da kai yana lanƙwasa yatsu, leɓunansa na motsi. Saura damina biyu ke nan tun tafiyar yaron, ban da ta bana: ta shekarar fari, wadda ta riga maganar direba, da ta bara, wadda ta biyo baya. Asama'u ta zuba wa bakinsa ido. Tun suna yara take kallon bakin nan, ba ta taɓa jin tsoron abin da zai fito cikinsa ba sai yau.

"Ta fari ce," ya ce, bai dube ta ba.

"Sake dai."

"Ta fari ce, Asama'u."

Rabon da ya kira ta da sunanta tsura, ba baiwa ba, ba mai baƙin tuwo ba, har ta manta. Wannan ya fi maganar kanta tayar mata da hankali.

"Da mi ka sani?"

"Da yunwa. Na tuna sarai. Duk ran da mai tuwon tasha ta buɗe tukunya a cikin akwatin nan, sai ka ji wurin ya yi tsit, ba ka jin komi sai haɗiyar yawu. Wani ɗan Sae Sabuwa har tashi ya yi ya leƙa bayan telen, wai ko ana zubar da ƙanzo ta can. Wannan ai shekarar fari ce."

"Kai da cikinka bai taɓa sanin an yi fari ba, kai ne za ka gaya min lokacin yunwa?"

"Ina da idanu."

"A ƙeya. Saurara, mai tumbi. Daminar fari ruwa ne bai zo ba, amma da sauran tsohon gero a rumbuna, ana ɗan taɓawa. Yunwar gaske sai da damina ta gaba ta kama mu, bara, ga shuka kore shar a gona, ga rumbu wayam. Lokacin ne muka ci tafasa da dusa har bakinmu ya yi kore. Tambayi duk macen da ta riƙe muciya a garin nan."

Haladu ya sake lanƙwasa yatsun.

"To… ana iya cewa bara ce."

"Ana iya cewa? Haka zan je in gaya ma liman? Ana iya cewa?"

"Tsaya, akwai wata alama. Satin da aka fara shi, satin bikin 'yancin kai ne. An zo da tuta, 'yan lakol sun yi maci, an dasa itatuwa a bakin titi. Har jandarma guda ya zauna nan inda kike ya kalli wasan."

"Wace shekara ce ba a yi bikin ba? Kowace damina ana dasa itatuwan nan, kowace damina awakinka su tsinke igiya su cinye. Kawo wata."

"An yi ruwa ranar."

"Da damina? Kai, madalla da wanga ilimi!"

"Ina nufin ruwa mai yawa."

"In mai yawa ne ai ba ta fari ba ce."

"Ko kuma iska ce aka yi. Ƙura ta taso, hoton ya yi ta rawa. E, kamar iska ce."

"Haladu!"

"To ya kike so in yi? Damina duk kamarsu ɗaya, sauro da laka!"

Asama'u ta tashi, ta sake zama. Ta dubi inuwar shago, ta ga ta fara janyewa daga bakin titi. A gida an riga an jiƙa geron sadaka, Mairo na ɗaki tun jiya. Ba ta ga laifin yarinyar ba ko kaɗan, ta yi zaman da ba kowace mace za ta yi ba. Amma a ce ɗanta na can yana numfashi, a nan kuma a shafa masa fatiha?

"Tsaya ma tukuna," ta ce. "Kai da ka ce ka haddace wasan, ya aka yi ba ka gan shi ba tun karon farko? Ko kai ma kunyar ɗan fari kake?"

Haladu ya yi tari. "Aiki ya yi min yawa."

"Wane aiki?"

"Ke kin san tashar kudu ba ta zama wuri ɗaya. In iska ta kaɗa, hoto ya tsere. Dole a samu mai hankali ya hau bisa ya riƙe goran, ana yi mishi ihu daga ƙasa, dama-dama, hagu-hagu, tsaya nan."

"La'ilaha illallahu! Kana nufin duk wasannin nan da kake cika mana kunne da su, daga kan rufi ka kalle su?"

"Ina jin sauti."

"Shekara da shekaru kana rungume da gora, mutane na kallo a ƙasa, kai kana kallon jemagu! Wannan ne gidan sanin da na zo?"

"Kunne ya fi ido riƙe abu."

"Naka kunnen ban da hula ba abin da ya taɓa riƙewa."

Ta faɗa ne don ta ji sanyi, amma ba ta ji ba. Mutum guda ke nan a duk Cadawa da ta sa ran zai san amsar, ga shi ashe bai fi ta ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kada ya ga idanunta. Haladu ya gani, ya yi kamar bai gani ba, ya shiga neman wani abu a aljihu wanda babu shi.

Can daga bayan gida sai wani bunsuru ya ɓarke da kuka, irin kukan nan mai tsaga kunne, ba ƙaƙƙautawa.

"Kamasho!" Haladu ya daka tsawa ta kan katanga. "Rufe mana baki, ana maganar mutane!"

Asama'u ta saki mayafin. "Wa ka kira?"

"Bunsuruna."

"Kamasho? Ba sunan mai ƙaton cikin nan ba ne, na wasan tasha, mai kiran fasinja?"

"Shi ne. Ai duk awakina haka suke. Duk wasan da aka fara, ɗan akuyar da aka haifa a lokacin shi ke cin sunan. Akwai Alƙali, mun yi layya da shi. Akwai Boka, kura ta yi mishi allura. Malamin Gona na sayar a Gidan Rumji, don ya cika shiga gonar mutane."

"Shi wanga fa, yaushe aka haife shi?"

"Ran da aka fara wasan, a daren. Wannan kam ko a gaban alƙali na rantse. Ina bisa rufi, uwar ta fara naƙuda, na sauko da gudu, hoto ya tsere, mutane suka yi ta zagina. Yana faɗowa ya buɗe baki, a daidai lokacin na cikin akwatin na ihu Kano-Kano-saura-mutum-ɗaya. Muryarsu ɗaya sak."

"Kai, amma Allah ya yi wawa a nan! Kana da shaida ɗaure a turke, ka tsaya kana lissafa min iska da sauro?"

"Shaidar mi? Bunsuru magana yake?"

"Bakinsa na magana. In daminar bara aka haife shi, yanzu ya yi famfarar farko, manyan haƙora biyu ne a gaba. In ta fari ce, huɗu ne. Wannan ko jikata ta sani."

Haladu ya miƙe tsaye har tsumman ya faɗi cikin laka. "Ai na sani. Jira nake in ga ko za ki tuna."

"Wuce mu je."

Suka zagaya bayan gida. Da yake damina ce dabbobi duk a ɗaure suke saboda shuka, kowace da turkenta a ƙarƙashin rumfar kara. Kamasho na can ƙarshe, ja ne mai farin goshi, ɗan tsurut da shi, sai gemu da wari. Da ganinsu ya ja da baya iyakar igiyarsa yana hura hanci.

"Dubi girmansa," in ji Haladu. "Wannan ai ɗan bara ne, ba sai an buɗe baki ba."

"A gidanka girma na nuna shekaru? Kai da ke ba dabba labari a madadin dusa? Jakinka ya shekara goma, har yau ana ɗaukar shi ɗan tunkiya. Kama min shi."

Ya kama ƙahonin, ya matse bunsurun tsakanin gwiwoyinsa. Kamasho ya yi ta wutsil-wutsil yana zabga ihu. Asama'u ta durƙusa cikin dagwalon turke, ko ta kan zanenta ba ta bi ba. Ta kai hannu ga leɓen. Ta janye. Ta sake kaiwa, ta sake janyewa.

"Buɗe mana," in ji Haladu. "Ko sai na kira miki 'yan samariya su yi kiɗa?"

"Kai ka buɗe. Bunsurunka ne, warinku ɗaya, ba zai cije ka ba."

"Hannuna biyu na ga ƙaho. Da ƙafa zan buɗe?"

Ruwan da ya kwanta a kan rumfa na ɗiga a wuyan Haladu, bai ko motsa ba.

"In huɗu ne fa?" ya ce a hankali.

"In huɗu ne, sai in koma gida in kama musu dakan gumba."

"Ko mu bar shi? Ni sai in je in rantse ma liman bara ce. Wa zai ƙaryata ni?"

"Duk garin. Kuma ni zan sani." Ta share fuska da gefen mayafi. "Riƙe shi da kyau, ragon banza."

Ta yi bisimilla, ta sa babban yatsa ta danne leɓen ƙasa. Bunsurun ya fizge, ta sake kamawa, ta matso da fuskarta har numfashinsa na bugun idonta. Ga su nan a tsakiya, manya biyu, faffaɗa, farare tas, ɗayan ma bai gama fitowa ba. Na gefe duk 'yan ƙanana ne na nono, sirara kamar ƙwayar shinkafa.

"Nawa?" in ji Haladu, ya rufe ido gam. "Ke, nawa?"

"Buɗe idonka ka gani, matsoraci."

Ya leƙo ta saman ƙahonin. Ya duba, ya sake dubawa. "Biyu."

"Sake ƙirgawa, ka san ba ka da lissafi."

"Biyu ne, wallahi biyu ne! Bara ce! Bayan maganar direba ce!"

Ya saki ƙaho don murna, Kamasho kuwa bai yi wata-wata ba ya ɗaga kai ya naushe shi a haɓa. Haladu ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kwanon ruwan awaki. Asama'u na durƙushe, ta rungume wuyan bunsurun nan mai wari, kafaɗunta na girgiza. Ita kanta ba ta san ko kuka take ko dariya ba. Ta san haƙori biyu ba su ce ga inda yaron yake yau ba, ba su ce gobe zai dawo ba. Abin da suka ce kawai, bayan an gama cewa ya mutu, ya ɗauki buhu a ka ya tsallake kududdufi da ƙafafunsa. Wannan ya ishe ta tsayawa gaban dattawa.

"To, masani," ta ce da ta samu murya. "Wace damina aka fara wasan tasha?"

"Ai tun farko bara na ce."

"Ambaliya ka ce. Ka koma fari. Ka koma iska."

"Hanya nake share miki."

"Faɗi gaskiya ko sau ɗaya kafin ka mutu, ka ji yadda take a baki."

Haladu ya dube ta daga cikin kwanon, ruwa na tsiyaya daga wandonsa, haɓa ta fara kumbura. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke fitowa tun daga ciki, har da buga cinya.

"Na faɗi! Kin kayar da ni, baiwar gidanmu, kin kayar da ni ƙasa warwas. Ban taɓa jin daɗin kaye irin na yau ba. Bunsuru ya fi ni sanin tele."

"Ya fi ka kyan gani ma."

"Kwance shi ki tafi da shi. Na ba ki, halak malak. Ki kai ma liman shi buɗe da hannunsa, ni kuma ina bayanki in rantse kan daren haihuwar. Gobe in Allah ya kai mu in rufe shagon nan in hau mota, tasha-tasha zan bi har in kamo miki ɗan banzan nan da kunne. Amma ran da ya dawo, da Kamasho za a tarbe shi, kuma cinya tawa ce."

"Kofato dai."

"Cinya!"

"Kofato da gemu. Tashi ka sake wando, kada ka je gaban dattawa su ce tsoro ne ya sa ka."

Ta kwance igiyar daga turke ta naɗe ta a hannu har sau biyu. La'asar da sauran nisa, ko azahar ba a kira ba, amma ta ce ita a ƙofar liman za ta zauna ta jira su. Suka fito titi, tana gaba da bunsuru, Haladu na biye yana ɗaure tazuge. Ba su yi nisa ba Kamasho ya hango wata busasshiyar totuwar masara a gefen hanya, ya kai baki zai gwagwiya. Asama'u ta yi kukan kura ta fizge shi, ta sa tafin hannu ta rufe masa baki ruf.

"A'a, ɗan nan! Ba ka tauna komi mai tauri yau." Ta waiwayo. "Haladu, zo ka ɗauke shi a kafaɗa. In haƙori ɗaya ya fita kafin la'asar, naka zan cire in sa mishi."

Haladu ya duƙa ya saɓi bunsurun, yana ta mita. Haka suka ratsa kasuwar Cadawa, tana tafe a gefensa, hannunta na tallafe da haɓar Kamasho.